Hanyoyin da tsohuwar Fijo ta biyo ta iso mana

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ko ta Damagaram zuwa Matamaye, musamman ranar kasuwa, ba zai rasa cin karo da ita ba ko da sau ɗaya. Tun daga nesa ake shaida ta. Gaba ya ɗaga sama, baya ya zauna saboda lodi, ƙofa ɗaya shuɗiya sauran farare, an ɗaure but da igiya domin buhunan da ke ciki sun hana shi rufuwa. Fijo ke nan, 504. Yaran da aka haifa bayan shekarar 2000 kallon gwangwani suke yi mata, in ta wuce su bi ta da dariya. Dattawan tasha kuwa, in ta tsaya, sai ka ga wani ya miƙe ya zagaya ta, ya dafa bonet, kamar wanda ya yi kiciɓis da abokin da suka yi makarantar allo tare.

A Faransa, inda aka ƙera ta, motar da ta cika shekara 30 ana iya yi mata takarda ta musamman a shigar da ita sahun kayan tarihi. Mai ita ya ajiye ta a gareji ya lulluɓe, sai ranar Lahadi in gari ya yi haske ya fito da ita ya goge, ya ɗan zaga unguwa ya mayar. Tamu ba ta san wannan gata ba. Tana da shekara 40 tana dakon awaki da buhunan gero, kuma ba wanda ya taɓa kiran ta kayan tarihi. Ni kuwa a ganina ta fi waccan ta cikin gareji cancantar sunan, domin in ka bi sawun yadda aka yi ta zo hannunmu, za ka karanta babban yanki na tarihin arzikin Nijar da Najeriya, tun daga zamanin kuɗin yuraniyom da na fetur har zuwa ranar da aka karya darajar sefa.

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a shekarar 1968, a bajen kolin motoci na Paris. Gidan Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Waɗanda aka yi ta dominsu su ne likitan ƙauye, da lauya, da ɗan kasuwa mai iyali a Faransa, mutanen da ke son mota mai natsuwa wadda ba ta cika iyayi ba. Ba wanda ya zauna ya zana ta yana tunanin hanyar Tanut ko ta Dakoro. Sai dai abin da injiniyoyin suka yi don jin daɗin Bafaranshe ya zo daidai da ciwonmu. Sun ba ƙafafunta dogon wurin lotsawa, saboda haka in ta faɗa rami sai ta shanye shi, ba ta buga fasinja da rufi. Tayoyin baya ne ke tura ta, abin da ya sa lodi ke ƙara mata kama ƙasa. Cikinta ya yi nesa da ƙasa gwargwado. Injin kuma, ko mai cc 1796 ko mai cc 1971, an yi shi ta yadda bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki ana iya zare shi a sa sabo. Ma'ana in inji ya gaji ba sai an kai shi wata babbar masana'anta ba, bakanike zai sauke shi a gindin bedi ya mayar da shi sabo cikin 'yan kwanaki.

Kafin ita akwai yayarta, 404, wadda ta fito a 1960, kuma ita ta share fage. Sau huɗu tana cin tseren Safari na Gabashin Afirka, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Mai buɗaɗɗen baya daga cikinta ita ce a ƙasashen renon Faransa ake kira bashe, saboda tamfol ɗin da ake rufe bayan da shi. A bakin Bahaushe kuwa irin wannan mota akori-kura ce. Sunan kansa ɗan guntun tarihi ne: kafin zuwanta 'yan tura kura ne ke jigilar kaya daga tasha zuwa kasuwa, sai ga ƙaramar mota ta zo ta karɓe musu abinci. Da 504 ta iso, sunan gidansu ya riga ya yi ƙarfi. Ita ma ba ta ba da kunya ba, domin a 1975 kaɗai ta ci Safari a Kenya, ta ci tseren Maroko, ta ci na Bandama a Kodebuwa. Talla ce da ba kuɗin da zai saye ta, tunda kan irin hanyoyin da muke bi kullum aka yi gasar.

Masu hali, da gwamnati, da manyan kamfanoni suna sayen sabuwa dal daga hannun dillalan kamfani a Yamai. Amma mafi yawan waɗanda suka cika tashoshinmu ba ta nan suka biyo ba. Hanyar farko, wadda matasa da yawa ba su ma san an yi ta ba, ita ce hamada.

Mota ta daɗe tana gwada ƙarfinta da Sahara. A ranar 28 ga Oktoban 1924 ayarin kamfanin Citroën ya tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya da motoci takwas masu taya a gaba, a baya kuma bel mai kama da sarƙar tankar yaƙi. Sun ratsa Yamai da Tasawa da Damagaram suka nufi tafkin Chadi, ba su kammala tafiyar ba sai a Madagaska cikin Yunin 1925. Wannan tafiya ce ta masu kuɗi da masu mulkin mallaka, da masu ɗaukar fim da mai zane a cikin ayari. Shekara 50 bayan haka sai ga 'ya'yan talakawan Turai sun bi sawu, su kuma da manufa ta daban.

Lissafinsu mai sauƙi ne. A shekarun 1970 da 1980, tsohuwar 404 ko 504 da ta yi tafiya mai yawa ba ta da wata daraja a Faransa ko Beljiyam ko Jamus. A Arlit da Agadas kuwa zinariya ce. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, ma'adinin Akuta ya biyo baya a 1978, kuɗi ya shigo ƙasa, ma'aikata da 'yan kasuwa suna neman abin hawa ido rufe. Sai ɗalibi ko matashin da ba shi da aikin yi ya sayi tsohuwar Fijo da ɗan abin da ya tara, ya cika but da safaya taya da jarkokin mai da na ruwa, ya sa ta a jirgin ruwa a Marseille ya sauka Aljas. Daga nan ya miƙe kudu, Ghardaïa, In Salah, har Tamanrasset, inda kwalta ta tsaya a ƙarshen shekarun 1970. Abin da ya rage wajen kilomita 400 ne na rairayi da duwatsu zuwa In Gezam, a tsallaka iyaka a Asamaka, a ƙara wajen kilomita 200 kafin a ga hayaƙin Arlit.

Motar da aka yi don kwaltar Turai ce fa, ba mai jan ƙafa huɗu ba. Dabarar ita ce a rage iskar taya, a tashi da asuba lokacin da yashi ke da sanyi da ƙarfi, in an ga wuri mai laushi a shiga da gudu kada a ɗaga ƙafa. In ta kafe a fito da shebur da faffaɗan ƙarfe a shimfiɗa a ƙarƙashin taya, a tura, a ci gaba, bayan mita ɗari a sake. Akwai wani wuri tsakanin Tamanrasset da In Gezam, tuddan yashin Laouni, da ya zama maƙabartar motoci. Matafiya suna gane hanya da gawarwakinsu, kowace an kwashe duk abin da ke kwancuwa a jikinta, an bar ƙashi yashi yana goge fenti. Mutane ma sun mutu a wannan hanya, waɗanda suka ɓace suka ƙarar da ruwansu. Waɗanda suka kai kuwa, tun kafin su kashe inji dillalai sun kewaye su. Wani ya sayar a Arlit, wani ya riƙe sai Agadas ko Tawa ko Yamai, mai dogon buri ya zarce Lome ko Kwatano. Kuɗin motar ya biya masa tikitin jirgin komawa gida, har ya yi saura. Da aka gama shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit wajen 1980, wadda muke kira hanyar yuraniyom, sai abin ya ƙara sauƙi. Tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda ya tashi ranar 26 ga Disamban 1978 ya ratsa Agadas da Yamai, ya ƙara zuga matasan Turai, kowa yana son ya ce shi ma ya keta Sahara.

Saboda haka in ka ga wata tsohuwar 504 a Tawa ko Abalak, akwai yiwuwar ta yi ƙuruciyarta tana kai yara makaranta a wani gari mai dusar ƙanƙara, sannan ta ratsa hamada da ƙafarta, kafin ta fara rayuwa ta biyu da ta fi ta farko tsawo nesa ba kusa ba. Wannan kasuwa ta mutu ne a farkon shekarun 1990. Tawaye ya ɓarke a arewacin Nijar a 1990, Aljeriya ta faɗa yaƙin basasa daga 1992, hanya ta zama ta mai ƙarar kwana.

Hanya ta biyu daga kudu ta taso, kuma ita ce ta fi kawo yawa. A Disamban 1972 aka kafa kamfanin Peugeot na Najeriya, wanda kowa ya sani da PAN, haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da Faransawa. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, masana'antar Kakuri a Kaduna ta fara fitar da motoci. Lokacin ya zo daidai ƙwarai. Farashin fetur ya yi tashin gwauron zabo tun 1973, sannan ga ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata har da bashin baya a farkon 1975. Malamin makaranta da akawu suka wayi gari suna iya tunanin sayen mota.

Akwai wani abu a labarin Kakuri da kullum yake ba ni mamaki. Tashar jiragen ruwa ta Legas ta cunkushe a waɗannan shekaru, jirage ɗaruruwa maƙare da siminti suna jiran layi wata da watanni. To ta yaya za a kawo sassan mota Kaduna? Sai aka koma sama. Kamfanin jiragen UTA na Faransa ya riƙa kwaso sassan Fijo daga Lyon yana saukewa a filin jirgin Kano, har da manyan jiragen dakon kaya ƙirar Boeing 747, daga nan a ɗora a mota a kai Kaduna a harhaɗa. Wato wata Fijon ta ratsa Sahara a ƙasa tana haƙi cikin yashi, 'yar uwarta kuma ta tsallake Saharar nan ta sama, gunduwa-gunduwa a cikin akwatuna, kuma su biyun suka zo suka haɗu a tashar Maraɗi suna layin fasinja.

Abin da ya ɗaga 504 daga motar ma'aikaci zuwa motar hukuma shi ne abin da ya biyo bayan 13 ga Fabrairun 1976, ranar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a Legas cikin baƙar Marsandinsa. Motar tana nan har yau a gidan tarihi na Onikan da hujojin harsashi a jikinta. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta fito da manufar rage facaka, aka ce manyan jami'ai su koma Fijo. Daga nan gwamna Fijo, kwamishina Fijo, alƙali Fijo, 'yan sanda Fijo, motar asibiti Fijo. A farkon shekarun 1980 Kakuri na fitar da kusan mota 60,000 a shekara. Jimillar 504 da aka harhaɗa a Najeriya ta haura 400,000, daga cikin sama da miliyan uku da aka yi a duniya baki ɗaya.

Iyaka kuwa, kowa ya san yadda take tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram. Abin da ya yi yawa a can sai ya malalo nan. Alhazan Maraɗi da ke kai dabbobi da wake da taba sigari kudu ba sa dawowa hannu sake. Motar da wani ofishi ya yi gwanjonta a Kano, bayan wata biyu sai ka gan ta da lambar Nijar. Kayan gyara ma haka. Har ila yau ita ce motar 'yan fasa-ƙwauri, domin tana ɗaukar jarkokin mai fiye da yadda ido zai yarda, kuma tana bin hanyar shanu in an kauce wa shinge. Abin dariyar shi ne jami'an da ke bin su a guje, su ma sau da yawa cikin Fijo suke. Sai dai a ga wanda bakanikensa ya fi iya aiki.

Mai dogon baya, mai layin kujeru uku, ita ta zama sarauniyar tasha daga Dakar har Njamena. An yi ta don mutum bakwai ko takwas na gida ɗaya. A Senegal har sunan kujeru bakwai ya bi ta. A wajenmu lissafin ɗan kamasho daban ne: biyu a gaba ban da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya, yara ba a ƙirga su, kaji kuma a ƙarƙashin ƙafa. Duk lokacin da muka buɗe layin waya a rediyo kan zancen tafiye-tafiyen da, tsofaffin direbobi ne ke cika layin, kuma kusan kowa da Fijo yake farawa. Wani ya ce ita ta aurar masa da 'ya'ya, wani ya ce ita ta kai shi Makka. Daga nan sai a roƙi a sa musu waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya Jos, ko da yake yaron babbar mota ya yi wa ita.

Sai dai kada daɗin tuna baya ya rufe mana ido. Daɗewar 504 a kan hanyoyinmu ba ƙarfinta kaɗai ya jawo ba, har da talaucin da ya sauko mana. A Faransa an daina yin mai ƙofa huɗu tun 1983, 505 da ta fito a 1979 ta gaje ta. Mu kuwa a daidai lokacin ne ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashinmu. Farashin yuraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, na fetur ya bi shi. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, aka saki Naira. Kuɗin da a 1980 ya fi dalar Amurka daraja, kafin 1987 ta ƙare sai an ba da wajen huɗu ake samun dala guda. Kakuri kuma, duk da sunan masana'anta, manyan sassanta daga Faransa ake sayo su da kuɗin waje. Farashin sabuwar mota ya tsere wa albashi, har yau bai waiwayo ba. Mu ma namu ya zo a Janairun 1994: faran guda na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100 dare ɗaya, wato dala goma ta zama dala ashirin a lissafin kasuwa. Wanda ke da Fijo sai ya rungume ta, tunda ba shi da halin wata. Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har 2006, shekara 38 bayan fitowarta, kuma a shekarar ce gwamnati ta sayar da hannun jarinta a kamfanin. Ana iya yin alfahari da wannan, ana kuma iya tambaya: me ya sa a cikin shekara 30 na harhaɗawa ba a kai ga ƙera mota tamu ta kanmu ba? Koriya ta Kudu ta fitar da Hyundai Pony a 1975, shekarar da Kakuri ta buɗe. Kowa ya ga inda kowa ya tsaya.

Sannan mota ce da ta ci rayuka. Mutum tara ko goma a cikin ƙarfen da birkinsa ya sha gyaran gangan, tayoyi sun suɗe, direba bai yi barci ba tun jiya. Akwai gidaje da dama da sunan 504 ba ya tuna musu komai sai ranar da aka zo da mummunan labari. Ga shan mai, ga hayaƙi, ga ƙofar da sai direba ya zagayo ya buɗe ta da dabarar da shi kaɗai ya sani.

Hanya ta uku, ta Kwatano, ta kawo ragowar Fijo daga Turai, amma ita ce kuma ta kawo waɗanda suka kore ta. Daga shekarun 1990 jiragen ruwa suka riƙa juye tsofaffin motocin Turai a tashar Kwatano, a koro su ta Paraku da Malanbil, a haye gadar Gaya, a bi ta Doso da Ƙonni, da yawa su zarce Najeriya. Toyota Starlet da Corolla suka karɓe tasi a Yamai, Hiace ta karɓe dogon zango, Golf da Opel suka shiga ƙauyuka. Ba su kai Fijo jin daɗin zama ba, amma sun fi ta tsimin mai, kuma direba da aljihunsa yake shawara.

To me ya hana ta ƙarewa gaba ɗaya? Kanikawa. A nan ne nake ganin tarihin da ba a rubuta ba ya fi yawa. Mota ce da kunne ke gane ciwonta. Kafireta ce da filogi da 'yan wayoyi da za ka iya ƙirgawa, ba ruwanta da sai an jona mata kwamfuta. Injin 504 mai lita biyu shi ne aka sa wa 505 da yawa, danginsa ne kuma ke cikin bas ɗin J5 mai shan fetur, saboda haka in ɗaya ta mutu sai ta ba 'yan uwanta kayan ciki. A Katako ta Yamai, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da Suame ta Kumasi, an yi zuriya guda ta masu gyara da masu walda da masu ɗinkin kujera waɗanda a kan Fijo suka koyi sana'a. Abin da babu a kasuwa sai a ƙera shi. A yanka tsohuwar taya a yi robar ƙafa, a ƙara wa akori-kura ganyen sifirin don ta ɗauki abin da kamfani bai taɓa mafarki ba, a buɗe lagireto a wanke a toshe inda ke yoyo da dalma. Yaro ya shigo gareji yana ɗan shekara 12 yana wanke sifana a cikin fetur, ya fita yana da iyali da nasa yaran. Ba takardar shaida, ba sunansa a littafin kowa, amma shi ya sa motar da Bature ya yi wa lissafin shekara goma ko sha biyar ta ninka wannan sau uku.

Shi ya sa tambayar shekarar da aka ƙera wata Fijon tasha ba ta da amsa guda. In ka ɗaga bonet za ka iya samun ɗan farantin ƙarfe mai lambar kamfani, in tsatsa ba ta cinye shi ba. Amma farantin labarin gangar jiki kawai zai ba ka. Injin na wata 505 ce da ta yi hatsari, giya daga wata 'yar uwa, ƙofar nan shuɗiya ta motar wani ofishi ce a Kano, kujerun kuma wani maɗinki ya yi su bara.

Ba Fijo kaɗai ke yawo cikinmu da irin wannan tarihi ba. Jefi-jefi a Kano ko Zariya za ka ga Bosuwaja mai ƙirar kunkuru, wadda Yarabawa ke kira Ijapa, injinta a baya yana tatata ba ya buƙatar ruwa. Ita ma a 1975 aka fara harhaɗa ta a Legas. Akwai tsofaffin Landiroba a garuruwan arewa, da manyan Marsandi masu gajeren hanci da har gobe suke dakon itace da albasa. Amma ba wadda ta shiga kowane gida kamar 504, domin ita ta kai amarya, ita ta kai mai naƙuda asibiti, ita ta ɗauko gwamna, ita kuma ta kai gawa ƙauye.

A wasu wuraren an fara gane darajarta. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, aka saye ta a kan kusan dalar Amurka miliyan biyu da rabi, ko da yake sunan mai ita aka saya. Masu tara tsofaffin motoci a Turai kuma suna zuba kuɗi mai yawa a kan mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama. A nan kuwa mai sayen tsohuwar Fijo na ƙarshe shi ne ɗan gwangwan, kuma da kilo yake ciniki. Tun da ƙarfe ya yi tsada, motocin da suka shekara goma a kwance a bayan gareji, kaji suna ƙwai a ciki, sun fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. A zo da injin yanka, kafin azahar an raba ta huɗu, a loda a tirela a nufi masana'antar narka ƙarfe, ta dawo mana a matsayin rodi.

Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai yana adana gawar itacen Tenere, wanda wata babbar mota ta buge a tsakiyar hamada a 1973, an yi masa rumfa ta musamman mutane suna zuwa kallo. Da za a tambaye ni, da na ce a samo akori-kura guda da mai layi uku guda daga cikin waɗanda ke aiki yanzu, a biya masu su kuɗi mai kyau, a kafa musu rumfa kusa da itacen. Kada a yi musu fenti, kada a cire igiyar but, kada a goge abin da direba ya rubuta a gilashin baya. Sannan a ɗauki rakoda a bi garejin Katako da na Maraɗi da na Damagaram a naɗi muryar dattawan da suka riƙe su. Da yawansu sun haura shekara 70, kuma yaran da suka koya wa aiki yanzu Toyota suke gyarawa.